Tasirin Yawan Jama'a da Ayyukan Ɗan'adam a Kan Muhalli: Misali Daga Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san birnin Kano ya san unguwannin Kurna da Giginyu da Ɗorayi da Gandun Albasa. Wanda ya san Kaduna ya san Unguwar Rimi, haka kuma mutumin Sakkwato ya san Gawon Nama. Ɗalibin harshe ba ya bukatar a gaya masa cewa waɗannan sunaye na itatuwa ne da shuke-shuke. To amma idan aka ce ya shiga waɗannan unguwanni a yau ya nuno giginyun ko ɗorayin ko gonar albasar, zai sha yawo, domin abin da zai tarar shi ne gidaje da shaguna da kwalta da cunkoson ababen hawa. Ita kanta Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), sunanta yana nuni da wuri mai duhuwar itatuwa. Ke nan harshe ya adana mana hoton wani muhalli da ido ba ya iya gani yanzu.

Wannan ne ya sa na ga ya dace in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai zuwa ga batun da sau da yawa muke ɗauka na 'yan sashen labarin ƙasa ne ko na aikin gona. A cikin wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana yadda ƙaruwar jama'a da ayyukan ɗan'adam suke sauya muhalli. Zan ɗauki misalaina daga ƙasar Hausa da maƙwabtanta, in duba gona da daji, in duba ruwa, sannan in duba birni. Daga nan zan tsaya a kan wata tambaya da masana suka daɗe suna muhawara a kanta, wato ko yawan jama'a shi kaɗai ne mai laifi. A ƙarshe zan nuna inda abin ya shafe mu a matsayinmu na masu nazarin harshe.

2.0 Muhalli da Yawan Jama'a

A Hausar yau da kullum, muhalli na nufin wurin zama. A wannan maƙala kuwa ina nufin duk abin da ke kewaye da mutum wanda rayuwarsa ta dogara a kansa: ƙasar noma da ruwa da iska da itatuwa da dabbobi da tsuntsaye. Kowane mutum yana ɗibar wani abu daga muhalli, kamar abinci da ruwa da makamashi, yana kuma mayar masa da wani abu, kamar shara da hayaƙi da ƙazanta. Saboda haka nauyin da muhalli yake ɗauka ya danganta da abubuwa uku: yawan mutane, da yawan abin da kowannensu yake ci yake zubarwa, da kuma irin dabarar da suke bi wajen samun abin. Yana da kyau mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa uku, domin za mu koma kansu a gaba.

Bari mu fara da na farko. A wajajen shekarar 1800 mutanen duniya ba su wuce biliyan 1 ba. A 1950 sun kai biliyan 2.5, a watan Nuwamba na 2022 kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana cewa sun cika biliyan 8. A nan Nijeriya, ƙidayar 1963 ta ba da mutum miliyan 55.7, ta 1991 ta ba da miliyan 88.9, ta 2006 kuma miliyan 140.4. An ɗage ƙidayar da aka shirya yi a 2023, amma ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na wannan shekarar ya haura miliyan 220. Gaskiya ne babu ƙidayar da ba a yi taƙaddama a kanta ba, sai dai babu mai musun cewa jama'a ta ninka. Faɗin ƙasar kuwa yana nan yadda yake, murabba'in kilomita 923,768. Idan aka raba, a 1963 mutum 60 ne a kowane murabba'in kilomita, a 2023 kuwa kimanin 240.

Dalilin wannan ƙaruwa abin farin ciki ne a asalinsa. An kawar da cutar agana daga duniya, rigakafi da asibitoci sun rage mutuwar yara, mota da jirgin ƙasa sun sa ana iya kai abinci inda aka yi fari. Mutuwa ta ragu, haihuwa kuwa ba ta ragu da irin wannan sauri ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mace a Nijeriya tana haihuwar 'ya'ya 5.3 a matsakaicin lissafi, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa 6.6. Al'ummar da take ƙaruwa da kashi 2.5 cikin ɗari kowace shekara tana ninkawa cikin shekara 28 kacal.

3.0 Gona da Daji

Wurin da aka fi saurin ganin tasirin yawan jama'a shi ne gona. A da, a wuraren da ƙasa take da yalwa, manomi kan yi sassabe ya noma wuri na 'yan shekaru, idan ya ga ƙasa ta gaji sai ya bar ta ta huta ya koma wani wuri. Wannan gonar da aka bari ita ake kira saura. A cikin shekarun hutun, sabara da kalgo da ciyawa suna tsirowa, ganyensu yana ruɓewa, dabbobin makiyaya suna kiwo suna barin taki, ƙasa tana mayar da ƙarfinta ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Yawan jama'a shi ne ya fara cinye saura. Alal misali, a ɗauka mutum ya rasu ya bar gona eka 12 da magada huɗu masu rabo daidai. Kowa zai tashi da eka 3. Idan kowannensu shi ma ya bar magada huɗu, jikoki ba za su sami ko eka ɗaya cikakkiya ba. Mai ƙasa da eka ɗaya ba shi da halin barin gona ta huta. Dole ya noma ta bana, ya noma ta baɗi, ya kwashe kara da harawa ya kai gida saboda dabbobi da girki da danni. Gona ta zauna tsirara duk tsawon rani, iskar hunturu ta kwashe ƙasar sama, ruwan farkon damina ya wanke abin da ya rage. Da haka gona mai albarka take zama fako.

Sai dai ba ciyar da baki kaɗai ya faɗaɗa gonaki ba. Bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa don sayarwa ƙasashen waje ya bunƙasa, ga kuma harajin da Turawan mulkin mallaka suka ce a biya da kuɗi. Dalar gyaɗa da muke alfahari da ita a tarihi, daji mai yawa aka sare kafin a tara ta.

Da gonaki suka faɗaɗa, sai suka shiga makiyaya da burtali da mashaya. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, amma kaɗan daga cikin wuraren ne aka tabbatar da su a hukumance, da dama kuma an nome su ko an gine su. Su ma dabbobin ƙaruwa suka yi. Rikicin manoma da makiyaya yana da dalilai masu yawa, ciki har da rashin adalci a shari'a da yaɗuwar makamai, amma ƙarancin fili yana cikin tushensa.

Sai kuma maganar itacen girki da gawayi. Mafi yawan gidaje a Arewa da su suke dafa abinci. Mutumin ƙauye kan tsinci busassun rassa ne, birni kuwa da manyan motoci ake kawo masa itace daga dazuzzuka masu nisa. Gawayi ya fi ɓarna, domin sai an ƙone itace mai nauyin buhu da yawa kafin a sami buhu ɗaya, kuma masu yin sa sun fi son itatuwa masu ƙwari irin su ƙirya da marke da kaɗanya, waɗanda suke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma. Duk lokacin da kananzir ko iskar gas suka yi tsada, kamar yadda aka gani a shekarun baya-bayan nan, gidajen da suka bar murhu sukan koma masa. Hayaƙin kuma bai bar mai girkin ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana halaka kimanin mutum miliyan 3 kowace shekara a duniya.

4.0 Ruwa: Daga Tiga Zuwa Tafkin Chadi

A nan ne nake son in ɗan daɗe, domin labarin ruwa yana nuna yadda aikin da aka yi da kyakkyawar niyya a wani wuri yake iya zama matsala a wani wuri mai nisa.

Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma yana haɗuwa da Kogin Jama'are a cikin wata babbar fadama da ta shimfiɗu tsakanin Haɗeja da Nguru, daga nan ruwan ya bi Komadugu Yobe ta Gashuwa da Gaidam ya nufi Tafkin Chadi. Tun fil azal rayuwar mutanen wannan dausayi a kan zuwan ruwa da janyewarsa take. Ruwa ya malalo da damina, a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa. Ruwa ya janye, a shuka wake da sauran amfanin rani a kan laima, masunta su kama kifi a tafkunan da suka rage, makiyaya su sauko da shanu. Fili ɗaya yana ciyar da manomi da masunci da makiyayi, kowa da lokacinsa. Har tsuntsaye daga Turai suke zuwa su yi hunturu a wurin, abin da ya sa a shekarar 2000 aka sanya yankin tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya.

Kano tana girma, tana bukatar ruwan sha da abinci. Aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala a 1974, aka buɗe noman rani a yankin Kadawa da Kura, sannan aka kammala madatsar Challawa a 1992. Ba wanda zai raina amfanin wannan aiki. Tumatir da shinkafa da alkamar da ake nomawa a can suna ciyar da dubban iyalai. To amma madatsa tana riƙe ruwan damina ne ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Sakamakon haka, malalar damina a fadamar Haɗeja ta ragu, magudanun da a da suke bushewa da rani kuma suka daina bushewa. Wannan shi ne abin da ciyawar kacalla take so. Ta mamaye magudanai, ta tare laka, ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan da ya rasa hanya ya kwanta a kan gonakin wasu garuruwa shekara da shekaru, alhali garuruwan da ke can ƙasa suna kukan ƙarancinsa. Bugu da ƙari, kacalla ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da dawa da shinkafa. Mutumin Gashuwa bai gina Tiga ba, amma ya ɗanɗana sakamakonta.

Tafkin Chadi kuwa labarinsa ya fi shahara. A 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985, sai ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan faɗi. Garin Baga, wanda bandarsa take kaiwa har kasuwannin Anaca da Legas, ya wayi gari ruwa ya yi masa nisa, masunta suka bi ruwan suna kafa sababbin matsugunai. Babban aikin noman rani da gwamnatin tarayya ta kafa a kudancin tafkin a shekarun 1970 ya tsaya cik, domin ruwa ya janye ya bar bakin magudanarsa a tudu.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a gyara a yadda ake ba da wannan labari. Na farko, kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna suke kai wa tafkin daga Shari da Lagon yake zuwa, waɗanda suka taso daga Afirka ta Tsakiya da Kamaru, kuma tafkin ba shi da zurfi, don haka da ruwan sama ya ragu a can sai ya janye da sauri. Ɗibar ruwa don noman rani ta taimaka, amma fari ne babban dalili. Na biyu, hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa tun daga shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da ƙafewa ba, har ma ya ɗan farfaɗo. Abin da ya ninka shi ne yawan masu dogaro da shi, ga kuma rikicin Boko Haram da ya raba miliyoyin mutane da gonakinsu da wuraren sunsu tun daga 2009.

5.0 Birni da Sharar Birni

Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ziyarci Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta da kimanin mutum 30,000. A cikin ganuwa ma akwai gonaki da filaye. Yau Kano da kewayenta ana ƙiyasta mutanenta da fiye da miliyan 4, unguwanni sun tsallake badala sun haɗiye ƙauyukan da ke gefe.

Tsohon birni cike yake da kududdufai, wato ramukan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu. Mutane da yawa suna ganin su a matsayin matattarar sauro da ƙazanta, kuma haka ne, amma suna da wani aiki: su ne suke karɓar ruwan sama idan ya sauka da ƙarfi. Da fili ya yi tsada sai aka riƙa cike su da shara ana gini a kai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Ga siminti da kwalta sun hana shi nutsewa, ga ledar ruwa da ta cefane ta toshe kwatoci, sai ya shiga ɗakunan mutane. Ita ledar ba ta ruɓewa. Tana bin takin bola zuwa gona, tana shiga cikin tumaki da shanu ta kashe su. Ƙasar Ruwanda ta hana amfani da ita a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017.

Ambaliya ta zama abin fargaba a duk faɗin ƙasa. Ta 2022 ta halaka fiye da mutum 600, a watan Satumba na 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle ta shanye babban ɓangare na Maiduguri. Ruwan sama mai ƙarfi yana ƙaruwa saboda ɗumamar yanayi, amma gini a kan hanyar ruwa da rashin kula da madatsu su ne suke mayar da ruwa bala'i.

Haka nan masana'antu. Kamfanonin jima da na saƙa a Sharaɗa da Challawa da Bompai sun daɗe suna sakin ruwa mai sinadarai a cikin kogunan Challawa da Jakara, da wannan ruwa kuma wasu masu lambu suke ban-ruwan kayan miyan da ake kawowa kasuwa. A Jihar Zamfara kuwa, a 2010, aka gano cewa gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Waɗannan ƙauyuka ba su da cunkoso. Talauci da tsadar zinariya da rashin sani su ne suka yi wannan ɓarna.

6.0 Shin Yawan Jama'a Ne Kaɗai Mai Laifi?

Misalin Zamfara ya kawo mu ga tambayar da na ambata a farko. A 1798 wani malami ɗan Ingila, Thomas Malthus, ya yi hasashen cewa jama'a tana ƙaruwa fiye da yadda abinci yake ƙaruwa, don haka ƙarshenta yunwa ce. A 1965 wata masaniyar tattalin arziki 'yar Denmak, Ester Boserup, ta kawo akasin haka: idan fili ya yi ƙaranci, mutane sukan ƙirƙiro dabarun samun amfani mai yawa daga ƙaramin wuri. Abin sha'awa shi ne, ƙasar Hausa tana cikin wuraren da aka gwada waɗannan ra'ayoyi biyu.

Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da Kano. Yanki ne mai cunkoso ƙwarai, ba a san saura a cikinsa ba tun da daɗewa, amma ƙasar ba ta mutu ba. Manoma suna ɗaure dabbobi a gida suna tara taki, suna ɗauko na birni a kan jakuna, suna haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, suna kuma barin ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo a tsaye saboda kowace bishiya tana da mai ita. Shi da abokan aikinsa sun sami irin wannan a yankin Machakos na Kenya, inda jama'a ta ninka kusan sau biyar tsakanin 1930 da 1990, amma zaizayar ƙasa ta ragu domin hannayen da za su yi shinge da matakala a jikin tuddai sun yi yawa.

Misali mafi ƙarfi yana jihohin Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Zuwa farkon shekarun 1980 gonakin yankin sun zama fili fetal, ana dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sarewa lokacin sharar gona tohon kututturan tsofaffin itatuwa ne, waɗanda saiwoyinsu suke raye a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ita ce manomi ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi. Manoma suka sa wa abin suna sassabin zamani. Wani abu da ya taimaka shi ne sassauta tsohuwar dokar daji, wadda a ƙarƙashinta itace na gwamnati ne ko da a gonarka ya tsiro. Da manomi ya tabbata cewa itacen nasa ne, sai ya kula da shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, a ƙasar da take cikin mafiya saurin ƙaruwar jama'a a duniya. Da yawa daga cikin itatuwan gawo ne, wanda yake zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ga taki a gindinsa, ga 'ya'yansa abincin dabbobi da rani.

Shi ma fari ba yau ya fara ba. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta auku lokacin da daji yake cike kuma mutane ba su da yawa. A shekarun 1970 wasu masana sun ɗora laifin farin Sahel a kan yawan kiwo da sare itatuwa, amma binciken da ya biyo baya, musamman daga 2003, ya nuna cewa sauyin zafin tekuna shi ne babban dalili. Game da hayaƙin da yake ɗumama duniya kuwa, nahiyar Afirka tana da kusan kashi 18 cikin ɗari na mutanen duniya, amma abin da take fitarwa bai kai kashi 4 ba.

A ganina, abin da waɗannan misalai suke koyarwa shi ne: yawan jama'a nauyi ne na gaske, kuma saurin ƙaruwarsa yana iya fin ƙarfin makarantu da asibitoci da ƙasar noma. Shi kansa takin karkarar Kano yana da iyaka idan gona ta ci gaba da tsukewa. Amma ko nauyin zai karya muhalli ko ba zai karya shi ba, wannan ya danganta da mallakar ƙasa da itace, da dokar da ake bi, da halin da talaka yake ciki, da kuma ilimi. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda a Nijeriya ya shafi jihohi 11 na Arewa, nasararsa tana ga yadda ya ɗauki wannan darasi: dashen da ba shi da mai shi ba ya kai baɗi.

7.0 Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

Ruwansa da yawa. Da farko, idan abu ya ɓace, sunansa yana bin sa. A 1916 J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi guda, ƙamusun Bargery na 1934 kuma cike yake da sunayen itatuwa da ciyayi da ire-iren ƙasa. Mu gwada kanmu: mu nawa ne za mu iya bambance taura da kanya, ko ƙeƙuwa da jigawa, ko mu faɗi abin da ake nufi da sunƙuru? Muna cewa hanjin jimina akwai na ci akwai na zubarwa, alhali yawancinmu ba mu taɓa ganin jimina ba sai a gidan namun daji. Karin magana da tatsuniya da kirari duk a kan daji da gona aka gina su. Tattara waɗannan kalmomi daga bakin dattawa da mafarauta da masunta da masu maganin gargajiya aiki ne da ya isa kundin digiri, kuma ba ya jiran gobe.

Na biyu, mu ne za mu zama masu fassara da 'yan jarida da malamai. Saƙon muhalli ba zai isa ƙauye da Turanci ba. Kalmomi irin su kwararowar hamada da zaizayar ƙasa da sauyin yanayi wasu ne suka zauna suka ƙirƙiro su, rediyo ta yaɗa su. Zaɓen kalma kuma yana iya gyara saƙo ko ya ɓata shi. Ma'aikatan lafiya sun ga yadda jama'a suka guji maganar ƙayyade iyali, amma suka saurari maganar tazarar haihuwa, domin ta dace da abin da suka sani na shayarwa da lafiyar uwa. Haka shi ma sassabin zamani: sunan ya ɗauki aikin da manomi ya gada, ya ƙara masa sabon abu, shi ya sa bai zama baƙo a kunnensa ba.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala na yi ƙoƙarin nuna yadda ƙaruwar jama'a ta cinye saura da makiyaya, yadda madatsun ruwa suka sauya rayuwar fadamar Haɗeja da Nguru, da yadda girman birni ya haifar da shara da ambaliya. Na kuma nuna, da misalan karkarar Kano da Maraɗi, cewa hannun da yake sare itace shi ne kuma yake iya raya shi idan ya san amfanin zai dawo gare shi. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne mutanen Nijeriya za su haura miliyan 350 a 2050, lokacin da yawancin masu karanta wannan mujalla suke da iyali da ɗalibai a hannunsu. Hausawa na cewa yawa shi kan sa zare ya ja dutse. Yawan dai muna da shi. Abin da ya rage shi ne ilimi da tsarin da za su sa ya ja dutsen zuwa inda ake so.